Gurgun Ƙofar Tama da Rawanin Zugai

A zamanin da Sarki Tunau ɗan Nagoma ke riƙe da Birnin Zugai, in ka ce a nuna maka wanda ya fi kowa jin daɗin duniya a garin, ba fada za a kai ka ba. Ƙofar Tama za a nufa da kai, unguwar maƙera, inda za ka tarar da wani ƙaton gurgu zaune gaban uwar maƙera, gashin hannunsa duk wuta ta lashe, yana duka yana waƙa da murya mara daɗi. Wannan shi ne Sarkin Maƙera Mantau, kuma shi ne wan sarki, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yadda aka yi kuwa, da shanyayyiyar ƙafar hagu aka haife shi, al'adar Zugai kuma ta ce nakasasshe ba ya hawa karaga. Tun yana goye Sarki Nagoma ya sa aka kai shi gidan tsohon Sarkin Maƙera don kada ya tashi a fada yana ganin abin da ba zai samu ba. Mutane suka yi ta cewa wayyo, an cuci yaro. Wace cuta? Yaro ya buɗe ido ya ga wuta, ya ga ƙarfe yana yin ja yana bin umarni, shi ke nan ya samu abin da ransa ke so. Da tsohon ya rasu aka ba shi sarautar maƙera da amanar wutar gidan, wadda aka ce tun ranar da aka kafa birnin ba ta taɓa mutuwa ba. Wannan wuta ita ce ran Mantau. Ka zage shi ya yi dariya, ka ce masa gurgu ya ce, "Na fi mai ƙafa ban haushi." Amma ka yi maganar raba shi da wutar nan, to, a ranar za ka ga fuskarsa ta gaske.

Wata hantsi yana cikin ƙera bakin garma sai ga Sallama, jakadan sarki, ya faɗo rumfar maƙerar yana haki.

"Sarkin Maƙera, Zaki na kira. Yanzu-yanzu."

"Lafiya? Ko linzamin da na yi masa ne doki ya ƙi?"

"Ina fa linzami! Rundunar Gurmasa ta ƙetare gulbi, ga manzonsu can a fada. Kuma wallahi sunanka ne a bakinsa."

Mantau ya ajiye masaba, ya dubi matarsa Tarana da ke kan zugazugi, ya ce ta kula da wuta. Ya ɗauki sandarsa ta ƙarfe, aka kawo masa jakinsa, don shi bai yarda da doki ba, yakan ce dabbar da ke jin kunyar tafiya a hankali ba abokiyar gurgu ba ce.

Ya tarar da fada ta cika maƙil. Sarki Tunau na bisa karaga, can saman dandamali, Galadima Barmo na dama, Madawaki Jigo shugaban mayaƙa na hagu. A tsakiya ga manzon Gurmasa a tsaye, wani dogo mai jan rawani, ko durƙusawa bai yi ba. Mantau ya faɗi ya yi gaisuwa iyakar yadda ƙafa ta yarda, ya koma gefe.

Sarki ya ce wa manzo, "Maimaita, ga shi ya zo."

Manzo ya gyara murya ya ce, "Ubangijina Sarkin Gurmasa, mai dubun lifidi, wanda ƙasa ke rawa in ya yi hawa, ya ce a gaya wa mutanen Zugai ba da su yake yaƙi ba. Ya ji an zalunci babban ɗan Nagoma, an jefa shi cikin toka an naɗa ƙaninsa. Ya zo ne ya mayar da haƙƙi ga mai shi. Ku buɗe ƙofa a naɗa Mantau, kowa ya kwana lafiya. In kun ƙi, to, ungulu ta gode muku."

Idanu duk suka koma kan Mantau. Shi kuwa dariya ce ta taso masa, ya danne ta da ƙyar, don ya lura babu mai niyyar taya shi. Sarki ya sa aka fita da manzo, aka shiga shawara.

Galadima Barmo ne ya fara. Mutum ne mai laushin harshe, irin waɗanda in sun yanka ka sai ka isa gida za ka ga jini. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Ni ban ce Sarkin Maƙera ya aika wa kowa ba, Allah ya kiyashe ni. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya gaya wa Gurmasa akwai tsaga a gidan Nagoma? Sa'an nan kowa ya ga abin da ya faru shekaranjiya, shirwa ta yar da itace mai ci da wuta a tsakar gidan sarki. Masana sun ce wuta ce daga cikin gari za ta ci fada. Wutar wa muka sani a garin nan? Kuma unguwar wa ke jikin ƙofar da ta fi fuskantar gulbi? Shawarata, a sa wa Sarkin Maƙera mari a ƙafa har ƙura ta lafa, a kashe wutar Ƙofar Tama, a watsa maƙera cikin unguwanni."

Maganar kashe wuta ita ce ta tayar wa Mantau da hankali. Maganar mari ba ta dame shi ba ko kaɗan. Ya nemi izini, sarki ya ɗaga masa hannu.

"Ranka ya daɗe, Toron Giwa. Marin da Galadima ke magana ni na ƙera shi, na san yana da kyau, ba zan ji kunyar sa shi ba. Shirwa kuwa, muna ƙona gawayin ƙirya a bayan ganuwa, ɓarauniya ce ta zo kamun fara ta suri abin da ya ƙone ta. Amma wannan duk wasa ne. Ga gaskiyata. Ban taɓa kwana da son kujerar nan ba, ko sau ɗaya. Ina ganin yadda kake wuni a kanta, wannan ya kawo ƙarar akuya, wancan ya kawo tsegumi, ba ka isa ka yi dariya ba sai an fassara ta. Ni kuwa in na doki ƙarfe ya lanƙwasa, na san na yi aiki. Sarkin Gurmasa bai san ni ba, suna kawai ya samu na rataya yaƙinsa. Ka ɗaure ni in hankalinka zai kwanta, amma don Allah, don darajar mahaifinmu, kada a taɓa wutar nan."

Madawaki Jigo, tsohon barde mai gajen haƙuri, ya buga ƙasa da dunduniya ya ce, "Zaki, ni ban iya duba ba, yaƙi na iya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kashe wutar maƙera maƙiyi na bakin gulbi, da me za mu yi faɗan, da muciya? Abin da ya hana ni barci ʼyan lifidinsu ne. Audugar da ke jikinsu da ta dawakinsu ta fi katifa kauri, kibiyarmu takan shiga ta maƙale kamar ƙaya a gashin tunkiya. Wannan ya kamata mu tattauna."

Sarki Tunau ya dubi wansa. Ba mugu ba ne, amma tun yana yaro ake raɗa masa cewa akwai wanda ya riga shi, kuma maganar da aka daɗe ana zubawa a kunne ba ta rasa inda ta taru. Can ya ce, "Sarkin Maƙera, ba zan ɗaure ka ba. Ƙofar Tama na hannunka, da dogaraina a bayanka. In ta tsaya, wutarka ta tsaya. In maƙiyi ya sa ƙafa ta nan, ko da ƙarfi ko da yarda, da hannuna zan zuba mata ruwa."

Mantau ya ce, "Na ji, na karɓa. Madawaki, audugar nan da ka ce, busasshiya ce?"

"Ƙamas. Sun fi wata suna tafe cikin rana."

"To, a turo mini Sarkin Baka da maharbansa."

Aka sallami manzon Gurmasa da amsar da ba ta yi masa daɗi ba. Ƙofar Tama kuwa ta koma kamar gidan biki. Aka kafa kiɗan dundufa, kiɗan maƙera, masabu suna amsawa. Mantau ya sa aka ƙera bakin kibau masu dogon wuya, tsawon tafin hannu da rabi, don a gasa tsinin ya yi ja ba tare da karan ya kama ba kafin a harba. Ya sa aka ɗebi garwashi daga tsohuwar wutar cikin kasake, aka hau da su kan ganuwa, aka gina ƙananan murahu a jere, kowane da zugazuginsa. Dogaran da aka sa su tsare shi, kafin azahar ya mayar da su masu ɗaukar gawayi, yana yi musu tsiya wai jar rigar ta fi kyau da ɗan baƙi-baƙi. Tarana ta tara matan unguwa suka karɓi zuga. Ya dube ta ya ce, "Ke dai in mun mutu kin huta da waƙata." Ta ce, "Ai shi ya sa ban ji tsoro ba."

Ranar gamo, rana ta ɗaga kaɗan sai ga su. Kai, Gurmasa sun zo da shiri! ʼYan lifidi ne a gaba, sahu bayan sahu, mutum da doki duk a naɗe, idanu kawai ake gani. Bayansu dakaru ɗauke da tsani da gatura. Kai tsaye Ƙofar Tama suka nufa, don sun sakankance za a buɗe musu. Wani mai shela ya matso gindin ganuwa yana kira, "Ina Mantau ɗan Nagoma? Fito ka karɓi gadon ubanka!"

Mantau ya leƙo ta saman ganuwa, fuska duk toka, ya ce, "Ga ni! Ku gaya wa ubangijinku na gode, ga tukuici nan tafe, da zafinsa." Ya juya ya daka tsawa, "Ku zuga!"

Zugazugai suka ɗauka gaba ɗaya. Maƙeri ya ciro kibiya da awartaki, tsininta ja wur, ya miƙa wa maharbi, maharbi ya ɗana ya saki. Kibau suka shiga lifidi suka maƙale kamar kullum, ʼyan Gurmasa har da shewa. Ba su san halin auduga ba, ba ta kamawa da harshe, a ciki take ci a hankali. Sai da suka iso gab da ƙofa hayaƙi ya fara tashi daga jikinsu. Dawaki suka ji zafi a haƙarƙari suka haukace, wannan ya yi tsaye, wancan ya juya ya afka cikin dakarun da ke bayansa. Ga shi lifidi ta baya ake ɗaure shi, mai shi ba ya iya kwance kansa. Jarumawan da ƙasa ke rawa dominsu sai ga su suna birgima suna roƙon a yanke musu igiya, waɗansu suka zabura sai gulbi.

Nan fa Madawaki ya sa aka buɗe ƙofar gabas, mayaƙan Zugai suka fito ta gefe, Sarki Tunau da kansa a gaba, don yana so a san shi ma ɗan Nagoma ne. Kafin rana ta take tsaka rundunar Gurmasa ta watse, sun bar tambura da tutoci a ƙasa. Ko mutum ɗaya bai taɓa ƙyauren Ƙofar Tama ba. Mantau ya zauna kan ganuwa ya miƙe gurguwar ƙafarsa, ya ce a kawo masa fura, daɗi ya cika shi har wuya.

Ana wata ga wata. Bai kai ga shan furar ba sai ga Sallama kuma, wannan karon da hawaye. Wajen kora wani maharbin Gurmasa ya sami sarki a gwiwa, kibiya mai kunne ta shige har ƙashi, wanzamai sun kasa ciro ta. Mantau ya bar ƙwaryar nan, ya ɗauki siririn awartakinsa da ƙarfen lalas, ya hau jaki. Shi ya ciro kibiyar, shi ya ƙone bakin raunin don kada ya ruɓe, yana yi yana cewa, "Cije, Zaki, cije, na yi wa doki ma bai yi wannan ihun ba." Rai ya tsira. Amma jijiya ta tsinke, da raunin ya warke ƙafar ta ƙi miƙewa.

Ranar da sarki ya fara fitowa bayan jinya, a bisa gadon kara aka kawo shi, aka ajiye a ƙasan dandamali, don ba zai iya hawa matakala ba. Masu zaɓen sarki duk sun hallara. A waje kuwa jama'a sun cika ƙofar fada, ba sunan da suke kira sai na Mantau. Shi kuma yana zaune a gefensa na kullum, ya fara jin ƙanshin abin da ake dafawa.

Wa zai tashi in ba Galadima Barmo ba? Mutumin da ya ce a sa mari, yau shi ne da zuma a baki. Lissafinsa a fili yake ga mai hankali: maƙerin da bai san kan mulki ba, ai sai yadda Galadima ya juya shi. Ya ce, "Ya ku manyan Zugai, Allah ya ƙaddara abin da ya ƙaddara. Al'ada ta hana Mantau saboda ƙafa, yau ga ƙafar Zaki ta zama ɗaya da tasa. In gurgu zai zauna a karaga, ai babba ya fi cancanta, ga shi kuma shi ya ceci gari, ku saurari abin da talakawa ke faɗa. A naɗa shi. Maƙera kuwa a ba wani, tunda hannun sarki ba ya taɓa masaba."

Waɗansu suka fara gyaɗa kai. Abin da ya fi tayar wa Mantau da hankali, Sarki Tunau da kansa ya kai hannu ya fara warware rawaninsa. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Galadima ya yi gaskiya ko da bai nufa ba. Na zarge ka, ka tsare mini gari, ka tsare mini rai. Karɓi, naka ne tun asali."

Mantau ya ga wutarsa na shirin kuɓuce masa ta hanyar da bai taɓa zato ba, wannan karon da guɗa da tambari. Ya dafa sanda ya miƙe tsaye.

"Tsaya, ranka ya daɗe, kada ka kwance. Galadima, ina so in tabbata na ji ka da kyau. Ka ce yau gurgu na iya sarautar Zugai?"

Galadima ya ce, "Haka na ce."

"Manya, kun yarda da wannan?"

Masu zaɓe suka dubi juna, suka ce sun yarda.

"To, alhamdu lillahi. In gurgu na iya sarauta, ai karaga ba ta faɗi ba balle a nemi mai hawa. Ga sarkinku nan da ransa, kun naɗa shi, bai yi muku laifin komai ba sai tsayawa a gabanku ranar yaƙi. Da wane dalili za ku tuɓe shi? Al'adar nan ni ta fara ci, ni ke da ikon kuka da ita, kuma na yafe. Alheri ma ta yi mini. Ku ji da kyau, ni maƙeri ne. In kun naɗa ni, kun yi asarar maƙeri na gari kun samu sarkin banza, wanda zai wuni yana leƙen hayaƙin Ƙofar Tama yana share hawaye. Kun ce na ceci gari. In da gaske ladan kuke so ku ba ni, ku bar ni inda kuka same ni."

Madawaki Jigo ya fashe da dariya har yana tari, ya ce, "Wallahi maganar ke nan! Wanda ke da ja, ya fito mu ji." Ba wanda ya fito. Galadima ya sunkuyar da kai yana gyara bakin riga, ya gane da hannunsa ya saƙa igiyar da ta ɗaure shi.

Mantau ya ja ƙafa har gaban gadon karan, ya ajiye sanda, ya durƙusa da ƙyar, ya kama rawanin da ya fara warwarewa ya mayar ya soke shi da hannunsa mai kanta. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki Tunau." Fada ta amsa gaba ɗaya, aka buga tambari, jama'ar waje suka ɗauka.

Sarki ya share ido da gefen hannu, ya ɗaga murya ya ce, "A shaida. Wutar Ƙofar Tama ba mai kashe ta, ba ni ba, ba wanda zai gaje ni ba. Wanda ya sake kawo maganar, shi da garin nan." Sa'an nan ya dubi matakalar dandamali, ya dubi ƙafarsa, ya rage murya yadda su biyu kawai za su ji.

"Yaya, yaya ake hawa da ita?"

Mantau ya ji kalmar har cikin ƙashinsa, don tunda suke ƙaninsa bai taɓa kiransa da ita ba. Ya miƙa masa sandar ƙarfen, ya sa kafaɗa ƙarƙashin hammatarsa.

"In za ka hau, mai lafiyar ke yin gaba. In za ka sauko, gurguwar. Kada ka dubi mutane, dubi inda za ka taka. Taso mu je."

Suka hau tare, a hankali, fada na tsaye tana jira. Da sarki ya zauna daram, Mantau ya bar masa sandar, ya ce zai ƙera wata. Ya juyo ya sa gurguwar a gaba, ya sauko yana dafa bango, yana tambayar Sallama inda aka ɗaure masa jakinsa, don akwai bakin garmar wani bawan Allah da ya bari rabi tun kafin yaƙi, ga damina ta kusa.